Kashi Na Biyun Da Ba Ka Jira Ba, Dogo

Zuwa ga ɗan uwana kuma taubashina, Malam Lawwali, wanda mutanen Daura suka fi sani da Dogo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kabari ya yi maka faɗi, makwanci ya yi sanyi. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Matarka Hajara tana nan, ta ɗan rame amma tana nan. Ɗanka Mubarak ya zama mutum, har ya fi ka tsawo.

Na san da za ka ga wannan gaisuwa da ka kwanta da dariya, ka ce, "Yau kuma Iliya ne da gaisuwar malamai? Wa ya mutu?" To, kai ka mutu, shi ya sa.

Na rubuta maka a shafina, inda kowa zai gani, don maganar ba tamu ce mu biyu ba. Mutanen nan da za su karanta su ne suka shekara da shekaru suna tambayarmu abu ɗaya, kuma yau ni kaɗai na rage in ba su amsa.

Bari in tuna maka farkon abin, ba don ka manta ba, sai don yaran da aka haifa bayansa. Mu biyu muka yi fim ɗin Akuyar Kongolam muna samari. Za mu kai wa surukinka akuya a tsallaken iyaka, ba mu da takardar wucewa da dabba, sai muka ɗaura mata zane da kallabi, muka yafa mata mayafi, muka zaunar da ita tsakaninmu a kan babur, muka ce kakarmu ce za mu kai ta wajen mai magani. A ƙarshen fim ɗin mai tsaron iyaka ya sunkuya ya ce, "Sannu Iya, ina ke miki ciwo?" Akuya ta miƙa wuya ta kama takardar da ke hannunsa ta hau ci. Nan hoto ya tsaya, aka rubuta: mu haɗu a kashi na biyu.

Akuyar ta mahaifiyata ce, gwaggonka. Kai ka je ka rarrashe ta ta ba mu aro, ka ce yini ɗaya ne. Muka riƙe ta har sati ya juyo, ta cinye kallabin da aka ɗaura mata, ta cinye wanda aka sake. Gwaggonka ta daina amsa gaisuwarmu, sai da mata suka fara zuwa gida daga Sandamu su ce sun zo ganin Iya, sannan ta sauko. Har ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda an sayar da akuyar nan ba.

Ba mu san muna wani abu ba a lokacin. Wasan taubasantaka ne da muke yi tun muna gudu ba wando, aka sa mana kyamara a gaba. Kai ka zage ni da gajarta, ni in zage ka da wuyan raƙumi. Abin da muke yi kyauta a ƙofar gida shi mutane suka riƙa saye a faifai.

Sai kashi na biyu ya ƙi zuwa. Alhajin da ya ɗauki nauyin na farko ya ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ya ce bayan salla. Daga nan kasuwar faifai ta mutu murus, ya koma sayar da taki. Kai ka kama tuƙin mota tsakanin Daura da Kano, ni na koma dillancin dabbobi a kara, sana'ar ubana.

Amma tambayar ba ta mutu ba. A tasha, a kasuwar Mai'aduwa, a wajen ɗaurin aure, har a zaman makoki wani zai matso ya rage murya ya ce, "Dogo, yaushe ne kashi na biyu?" Kullum amsarka ɗaya ce: "Iya ba ta warke ba tukuna." Su yi dariya su wuce, kamar ka ba su wani abu.

Ina tuna ranar da na raka ka wankin ƙoda, lokacin ciwon ya fara cin ka sosai. Ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya a hannunka, ta dube ka ta sake dubawa, ta ce, "Baba, ba kai ne na Akuyar Kongolam ba? Don Allah ina kashi na biyu?" Ka ce mata, "'Yata, ki fara warkar da jikan, mu ga abin da za a yi da kakar." Duk ɗakin aka yi dariya, har wanda ke gadon kusa da naka. Ni na fita waje, don ban iya ba.

Da muka kai ka makwancinka na ɗauka maganar ta bi ka. Wa zai tambayi rabin abu ina cikonsa?

To, Dogo, ga abin da ya faru.

Bana wani ya yanko ƙarshen fim ɗin, wurin akuya da takarda, ya sa a waya. Abu kamar wasa ya bazu. Yaran da ba su san sunanka ba suka riƙa kwaikwayon tafiyarka, wannan da kake jan ƙafa kana karkata wuya. Ina tsaye a kara ina sasanta cinikin bijimi, wani yaro ɗan Nijar ya nuna min waya ya ce, "Baba, ka san wannan gajeren?" Na ce na taɓa ganinsa.

Bayan ƙaramar salla wani saurayi ya zo daga Kano, sunansa Kabiru, mai shirya finafinan da ake kallo a waya. Yaro ne mai ladabi, ban ga aibinsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce a gidansu da fim ɗinmu aka yaye shi. Ya ce, "Baba, jama'a na jira. Ku duba abin da suke rubutawa. Kowa kashi na biyu yake nema." Na ce masa mai fim ɗin ya rasu. Ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Amma an ce ya bar ɗa, kuma kamar an tsaga kara."

Ashe ya riga ya ga Mubarak kafin ya zo wurina.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Mubarak ya zo gidana da hularka, wannan mai lanƙwasa da ka sa a fim. Ya sa ta a tsakar gida, ya ja ƙafa, ya karkata wuya, ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Kai gajere, ɗauko Iya." Matata ta saki ludayi tana dariya, yara suka faɗi ƙasa. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Muryar ce, Dogo. Har wannan ɗan karyewar da take yi a ƙarshen magana.

Hajara ta zo tare da shi, tana zaune bakin ƙofar ɗaki. Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta gyara mayafi ta ce za ta koma, wai ta bar wake a wuta.

Washegari na je na same ta. Ka san tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanka, amma ranar ba wanda ya yi wasa. Ta ce, "Malam Iliya, na yi takaba sau ɗaya. In aka sa yaron nan ya riƙa yawo da muryar ubansa a kowace waya, duk inda na shiga zan ji mijina yana magana. Ni ba zan hana shi ba, ya girma. Amma ku ne iyayensa maza. Ku duba."

Na kira Mubarak na ce ya haƙura. Ya kalli ƙasa ya ce, "Baffa, ku kun san shi yana dariya. Ni da na yi wayo, a kwance na same shi. Abin da na sani nasa shi ne ledar magani da kumburin ƙafa. In na sa hular nan ne kawai nake jin na san mutumin da kuke ba da labari."

Ka gaya min, me zan ce da wannan? Uwa na da gaskiya, ɗa na da gaskiya, ni ina tsakiya kamar akuyar nan a kan babur.

Sai na ce bari in ji ta bakin masu kallo, tunda da sunansu ake wannan magana. Na roƙi mai gidan kallon ƙwallo da ke kusa da Kusugu ya sa mana tsohon fim ɗin bayan la'asar. Aka cika, tsofaffi a gaba kan benci, samari a baya a tsaye.

Abin da na gani ya dame ni. Tsofaffin suna dariya tun kafin abin dariyar ya iso, don sun haddace. Suna faɗin maganarka kafin ka faɗa. Samarin kuwa dariyarsu daban. Suna dariyar dishi-dishin hoton, da tsohon babur, da faɗin wandona. Rabinsu na kallon wayoyinsu. Sai da aka zo wurin akuya da takarda kowa ya haɗu aka yi dariya ɗaya, ta gaske, irin wadda ake riƙe ciki.

Sai hoto ya tsaya, rubutun nan ya fito. Wani dattijo mai sayar da dawa ya cire hula ya shafa kai ya ce, "Allah Ya jiƙan Dogo." Aka amsa da amin, aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kamar an tashi daga gaisuwar mutuwa.

A bakin ƙofa na tare dattijon na ce, "Baba, in aka yi na biyu za ka kalla?" Ya ce, "Zan kalla mana." Ya yi 'yan taku, ya juyo. "Ka san da wa na kalli na farko? Ni da ƙanena da maƙwabcinmu, a shagon mai gyaran rediyo. Duk sun tafi. In za ka dawo min da su, ka yi har na goma."

Samarin kuwa suka ce a yi, a yi, amma kada ya yi tsawo.

Na koma gida ban san abin da na samo ba. Masu son sa da gaske ba fim suke nema ba. Masu cewa a yi kuma ban tabbata za su zauna su kalla har ƙarshe ba. Duk da haka na amince, saboda Mubarak. Na ce wa Kabiru a gwada yini ɗaya mu gani.

Da ya karanta min yadda labarin zai fara, sai da na nemi wurin zama. Tunda na tsufa, ba yadda za a yi Mubarak ya fito a matsayinka. Don haka a fim ɗin kai ma ka mutu, shi ɗanka ne da ya gaji hula da rigima. Za a buɗe da zaman makokinka. Ni ina kan tabarma ina kukan ƙarya da ƙarfi, ina kiran sunanka, hannuna kuma yana zarar wainar sadaka yana cusawa a aljihu.

Na ce, "Kabiru, ni na ɗauki makarar mutumin nan da kafaɗata." Ya ce, "Na sani, Baba, ku yi haƙuri. Amma ku gaya min tsakani da Allah, da shi ne, zai ƙi?"

Nan ya kama ni. Ba za ka ƙi ba. Kai da ka ce in na riga ka mutuwa za ka roƙi a rage kuɗin likkafani tunda yadi kaɗan zan ci. Da kai ne da ka ƙara da cewa a sa min ƙosai a ɗaya aljihun.

Aka shirya a wani gida a bayan gari, da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi, aka zaunar da mutane da carbi, aka ajiye faranti cike da waina a gabana. Mubarak na gefe da hularka yana jiran lokacin shigowarsa. Kabiru ya ɗaga hannu ya ce a fara.

Na buɗe baki na ce, "Wayyo Dogo, ka tafi ka bar ni da wa?"

Iyakar abin da aka rubuta min ke nan. Amma da maganar ta fita, sai ta fita da gaske. Ranar da ka rasu ban yi kuka ba, Dogo. Ni ne mai tarbar baƙi, ni ne mai neman masu haƙa kabari, ni ne mai rarrashin Hajara. Ashe yana nan yana jira. Ya zo min a kan tabarmar wasa, a gaban kyamara, da waina a hannuna. Na kasa tsayawa. Ina kiran sunanka, majina na zuba, wainar ta marmashe a tafina.

Su kuwa suna dariya. Mai riƙe da kyamara yana rawar kafaɗa, masu carbi sun sunkuyar da kai suna ƙyaƙyatawa. Ina jin Kabiru yana cewa, "Kai! Tsohon hannu! Ku bar shi ya ci gaba!" Ban ga laifinsu ba. Abin da aka ce zan yi ke nan, kuma a ganinsu ban taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba.

Mubarak ne kaɗai ya gane. Ya ratsa ta gaban kyamara, ya durƙusa, ya riƙe kafaɗuna ya ce, "Ku kashe. Ku kashe, na ce! Ba wasa yake ba." Ya kama ni ya fitar da ni bayan gida, ya ba ni ruwa na wanke fuska.

Kabiru ya biyo mu yana ba da haƙuri, har idonsa ya kawo ruwa. Ya rantse ba zai saki hoton ba, kuma ya cika alkawari. Sai dai cikin masu zaman makokin wani ya ɗauka da wayarsa. Kafin sati ya zagayo, hoton ya bazu ko'ina.

To ga amsar tambayar da aka daɗe ana yi mana. Suna so, Dogo. Ka ga yadda suke tura wa juna. Suna rubuta cewa gajere bai tsufa ba, cewa sun yi dariya har da hawaye, cewa a gaggauta sakin sauran. A kara wani ya dafa ni ya ce, "Wayyo Dogo, ka bar ni da wa?" da irin muryata, mutane suka fashe. Na yi murmushi, don ban san yadda zan yi masa bayani ba. Wasu cikin masu karanta wannan wasiƙa sun tura shi su ma. Ban riƙe ku ba, ba ku sani ba. Yanzu kun sani.

Hajara ta gani. Wata maƙwabciya ta nuna mata don ta sa ta dariya. Ta aiko a kira ni, na je ina jin kunya kamar ɓarawo. Ta ce, "Malam Iliya, na ga abin. Wannan ba wasa ba ne, na san kukan." Sai ta kawo min fura, muka zauna muka yi ta labarinka har aka kira azahar. Tun rasuwarka ba mu taɓa yin haka ba.

Na gaya wa Kabiru ba zan ci gaba ba. Ba fushi na yi ba. Na gane ne cewa abin da ya sa na farko ya yi daɗi, ni da kai muna zagin juna muna sane da cewa gobe ma za mu haɗu. Yanzu duk zagin da na yi ba mai rama min. In Mubarak ya rama da muryarka, ba dariya ke zo min ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban sani ba ko na yi daidai. Wataƙila na hana mutane abin da zai ɗan sauƙaƙa musu, a wannan zamani da dariya ta yi tsada. Wataƙila na rufe wa ɗanka ƙofar da kai da kanka za ka buɗe masa. Wataƙila kuma da an yi, su kalli kaɗan su ce bai kai na farko ba, su ɓata har wanda suke tunawa. Da kana nan da ka yanke maganar da kalma ɗaya, ka haɗa da zagi.

Mubarak ya yi kwanaki yana gaishe ni a tsaye. Daga baya ya zo ya zauna ya ce Kabiru ya yi masa tayin zuwa Kano, za a gwada shi a wani sabon wasa, na wani mai gyaran waya da ke karanta saƙonnin mutane yana shiga rigimarsu. Ba sunanka a ciki, ba tafiyarka. Hajara ta yarda da wannan. Ni ma na sa albarka.

Jiya na raka shi tasha, inda ka yi shekaru kana lodi. Tsofaffin direbobi suka yi ta sa masa albarka, suna cewa ɗan Dogo ne, a ba shi gidan gaba. Ya shiga ya zauna da jakarsa a cinya. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga, fuskarsa duk ta canza, ya koma yaro. Ya ce, "Baffa, in ba su yi dariya ba fa?"

Na so in gaya masa wata magana mai nauyi, irin ta manya. Ba ta zo ba. Na ce, "To sai ka dawo, akwai aiki a kara." Ya yi dariya, ba irin taka ba, tasa. Mota ta tashi.

Na daɗe a tsaye a wurin. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Allah Ya gafarta maka, Lawwali. Ya yafe mana abin da muka faɗa cikin wasa wanda bai dace ba, ni da kai. Ya sa dariyar da ka sa bayinsa, marasa lafiya da masu baƙin ciki, ta zama nauyi a mizaninka. Ya ba Hajara haƙuri, Ya tsare Mubarak a inda ya tafi, Ya buɗa masa da abin da yake nasa. Mu da muka rage Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.

Wassalam.

Naka har kullum,
taubashinka kuma ubangidanka, ko ka yarda ko kada ka yarda,
Iliya Gajere, Daura.